Ƙwayoyin CAR-T Da Sankarar Ƙwaƙwalwa: Daga 1989 Zuwa Boston

Mai karatu, akwai wata sankarar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyobilastoma. Ko an yi tiyata, an yi gashi, an ba da magani, kusan rabin masu ita ba sa wuce wata 15. Tun 2005 tsarin maganinta bai canza sosai ba.

A 1989, Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya nuna cewa za a iya sauya ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, a ɗakin gwaji, su riƙa gane wata alama a jikin ƙwayar sankara su kashe ta. Abin da ake kira CAR-T kenan. A 2017 Amurka ta amince da shi don wata sankarar jini, kuma yara da dama da aka fid da rai da su sun tashi.

To, me ya hana a yi wa ƙwaƙwalwa haka? Ka ga, a sankarar jinin nan kusan duk ƙwayoyin suna ɗauke da alama ɗaya. Giliyobilastoma kuwa taron dangi ce, wasu ƙwayoyin suna da alamar, wasu babu.

A 2016 likitocin asibitin City of Hope a Kalifoniya suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 50. Maimakon ta jijiya, sai suka zuba ƙwayoyin cikin ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwarsa. Ƙarin da ke kansa da na lakarsa suka ɓace, har tsawon wata bakwai da rabi. Daga nan cutar ta dawo. A ganina wannan dawowar ta koyar da masana fiye da ɓacewar: sojojin sun kashe waɗanda suka gane, waɗanda ba su gane ba suka hayayyafa.

Shi ya sa a watan Maris na 2024 Marcela Maus da abokan aikinta a Boston suka fito da ƙwayoyin da ke farautar alama biyu. Mutum uku kacal aka gwada wa, kar ka manta da wannan. Ƙarin wata mata ya kusa ɓacewa cikin kwana biyar, amma a cikin ukun, biyu cutarsu ta dawo ba da jimawa ba. Na ukun ya haura wata shida ƙarin bai sake girma ba.