Cutar Lyme da gwajin CD57: yadda aka jingina magani da adadi ɗaya

1/ Jama'a, yau Amurka za mu leƙa. Akwai wani gwajin jini mai suna CD57 da har yanzu wasu likitoci a can ke dubawa, su ce a ci gaba da ɗura wa mutum magani wata da watanni. Ga asalin maganar.

2/ A 1975, a garin Lyme na jihar Konetikat, yara suka yi ta fama da kumburin gwiwa. Wata uwa, Polly Murray, ta matsa wa hukuma, har Dokta Allen Steere na Jami'ar Yale ya shiga bincike. Sai a 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, wadda kaska ke ɗauke da ita.

3/ A taron Dearborn na 1994 aka tsayar da gwaji mai mataki biyu. Sai dai ba ƙwayar yake gani ba, sawunta yake gani, wato makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙarta. Su kuwa sukan yi shekaru a jini bayan an warke. To wanda ya gama shan magani, amma gajiya da ciwon gaɓɓai suka ƙi sakinsa fa? Gwajin ba zai ce masa ko cutar na nan ba.

4/ Nan CD57 ya samu shiga. A 2001 Raphael Stricker da Edward Winger suka wallafa cewa wasu fararen ƙwayoyin jini masu wannan alama suna raguwa a jikin masu daɗaɗɗiyar Lyme. Kun san mutumin da aka daɗe ana ce wa lafiyarsa ƙalau, in ya ga adadi a takarda, riƙewa zai yi gam. Ni ban ga laifinsa ba, ciwonsa na gaske ne.

5/ Amma a 2009 Adriana Marques da abokan aikinta a cibiyar NIH suka gwada masu fama da ciwon bayan magani, da waɗanda suka warke, da masu lafiya. Babu bambanci. E, mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma nauyin kawo hujja na kan mai sayar da gwaji ne.

6/ Hukumar CDC ta sa CD57 cikin gwaje-gwajen da ba ta amince da su ba. A 2017 kuma ta fitar da rahoton mutum 5 da doguwar jinyar Lyme ta jawo wa mugun ciwo. Cikinsu akwai wata mata da ƙwayoyin cuta suka shiga jininta bayan an sa mata bututun magani a jijiya, ta rasu.