Dukan Mata da Shafe Laifi daga Kundi: Tarihin Dokar Jihar Konetikat

A ƙasar Amurka yawancin dokokin manyan laifuffuka suna hannun jihohi ne, watau kowace jiha da tata majalisa da nata kundin hukunci. Saboda haka wanda yake son sanin yadda shari'a ta ɗauki dukan mata a can, tilas ya bi jihohin ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1824 babbar kotun Misisipi ta yarda miji ya hori matarsa muddin bai wuce kima ba. Sai a 1871 kotun Alabama ta ce wannan izini ba shi da gurbi a doka. Amma ko da aka soke izinin a takarda, 'yan sanda sun shafe kusan shekara 100 suna ɗaukar abin a matsayin rigimar cikin gida, su rarrashi miji su koma ofis.

Abin da ya sauya al'amarin ya faru ne a garin Torintin na Jihar Konetikat. Wata mata mai suna Tracey Thurman ta yi watanni tana kai ƙarar mijinta wurin 'yan sanda, ba su ba ta kariya ba. Ran 10 ga Yuni 1983 ya same ta ya soke ta da wuƙa sau 13, har ɗan sandan da ya iso ya tsaya yana kallo mijin yana shurin ta. Da ta rayu sai ta kai hukumar garin ƙara a kotun tarayya, tana cewa an hana ta kariyar da ake ba wanda baƙo ya kai wa hari. A 1985 aka yanke a biya ta diyyar dala miliyan 2.3. A 1986 majalisar jihar ta kafa dokar da ta wajabta wa ɗan sanda kama wanda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da cin zarafin iyali.

Sai dai gyaran ya zo da tasa matsalar. Ɗan sanda yakan tarar da miji da mata kowa da rauni a jikinsa, sai ya kama su duka biyu don kada a tuhume shi da sakaci. Ta haka macen da ta kare kanta ta shiga kundin waɗanda aka taɓa kamawa, alhali kuwa masu ɗaukar ma'aikata da masu ba da hayar gida sukan duba wannan kundi. Sai a 2018 majalisa ta umarci 'yan sanda su gano wanda ya fi zalunci cikin biyun, shi za su kama.

A nan ne zancen shafe laifi ya shigo. Jihar Fensilbaniya ce ta fara, a 2018, da dokar da ke rufe tsofaffin ƙananan laifuffuka ba tare da mai laifin ya rubuta takardar roƙo ba. Konetikat ta bi sahu a 2021: ƙaramin laifi yana shafewa bayan shekara 7, wasu matsakaita bayan shekara 10. Amma 'yan majalisa sun keɓe laifin cin zarafin iyali, suka ce shi ba zai shafu ta wannan hanya ba.

Dalilinsu a fili yake. Dokar tarayya ta 1996 ta haramta wa wanda aka samu da laifin dukan iyalinsa mallakar bindiga, ko da laifin ƙarami ne, amma haramcin yakan faɗi idan an shafe hukuncin. Bugu da ƙari, alƙali yana dogara da kundi ne ya gane mai maimaita laifi. Masu neman a sassauta kuwa suna cewa mutumin da ya yi shekaru bai sake ba ya cancanci aiki da muhalli. Duk majalisar jihar da ta ɗauko gyaran wannan doka, wannan ita ce tambayar da ke gabanta: shekara nawa za a riƙe wa mutum laifinsa, kuma wa zai ɗauki haɗarin idan an yi gaggawar mantawa.