Yadda ake gane tsofaffin rediyon oba-oba na mota da saita su

Rediyon oba-oba na'ura ce da ke aika murya tare da karɓarta ba tare da dogaro da layin wayar salula ba, shi ya sa masu gadi, kamfanonin sufuri da jami'an agaji ke riƙe da ita har yanzu. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa na gwanjo ne, kuma wanda ya saya bai duba ba yana iya tashi da na'urar da ba za ta taɓa jin sauran ba.

Lambar jiki

Abu na farko shi ne lambar samfuri da ke manne a baya ko a ƙarƙashin na'urar, domin ita ke nuna zangon da take aiki a kai. Zangon VHF ya kama daga megahaz 136 zuwa 174, na UHF kuwa yawanci daga 400 zuwa 470. A Motorola GM300, lambar da ta fara da M33 ko M43 ta VHF ce, M34 ko M44 kuma ta UHF. A Kenwood, TK-760 na VHF ne, TK-860 na UHF. Babu manhajar da ke mayar da wannan zango zuwa wancan, saboda bambancin yana cikin kayan da aka ƙera na'urar da su.

Wuta da eriya

Waɗannan na'urori na aiki da wutar batirin mota, kimanin bolt 13.8, don haka babbar mota mai bolt 24 tana buƙatar abin rage wuta. Juya wayoyin batir na iya lalata rediyon, haka ma danna maɓallin magana babu eriya. Tsawon eriya na bin zango: wajen santimita 48 ga megahaz 150, santimita 16 ga megahaz 450.

Saiti

Ba a saita yawancinsu da hannu, sai da kwamfuta. GM300 na buƙatar manhajar RSS da ke aiki a kan DOS, da akwatin haɗi mai suna RIB, da tsohuwar kwamfuta, domin sababbi sun yi mata sauri. Kenwood na amfani da manhajojin KPG. Kafin a canza komai, a fara kwafe saitin da ke ciki a adana, saboda yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya kashe na'urar.

Abubuwa uku ne dole su dace a kowace tasha: mitar aikawa da ta karɓa, faɗin tasha (kilohaz 25 ko 12.5), da ɓoyayyen sautin CTCSS, wanda Motorola ke kira PL, Kenwood kuma QT. Idan sautin ya saɓa, fitilar karɓa za ta kama amma ba za a ji murya ba. Sautin ba ya ɓoye hira. Duk mai rediyo a kan mitar zai iya saurare.

Doka

Mitar da aka tarar a tsohuwar na'ura ta mai ita na farko ce. A Najeriya ana neman lasisin mita daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ko Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, gwargwadon irin aikin. Shiga mitar jami'an tsaro, ko megahaz 156.8 da jiragen ruwa ke neman agaji a kai, na iya toshe kiran gaggawa ya kuma jawo hukunci.