Akun Magana Jari Ce da Littattafan Tarbiyyar Yara



Kwanan baya na duba littattafai masu hotuna da 'yar ƙanwata ke zuwa da su daga makaranta a nan Unguwar Dosa. Na koyar da ladabi da jin maganar manya kusan duk na Turanci ne. Guda ɗayan da na samu da Hausa kuwa jerin umarni ne kawai, yi kaza, bari kaza. Ko shafi na uku yarinyar ba ta kai ba ta ajiye shi.

Magabatanmu sun fuskanci wannan matsala, kuma a Zariya suka warware ta. Bayan gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja, Dakta Rupert East na Hukumar Talifi ya nemi Malam Abubakar Imam, wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina, ya zo ya rubuta wa 'yan makaranta littafin karatu. Aikin da ya yi a 1936 shi ya zama Magana Jari Ce, littafi uku masu zane-zane, aka fara buga shi a 1937. Daga baya kamfanin NNPC, da aka kafa a 1966, ya ci gaba da buga shi.

Ku tuna yadda littafi na ɗaya ya ginu. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makirci. Musa ya matsu ya bi ɗan'uwansa Mahmudu. Aku bai tsaya yi masa faɗa ba. Duk lokacin da ya yi shirin fita sai ya jawo masa labari, har gari ya waye. Saurare ne ya tsirar da Musa, kuma daɗin labari ne ya sa ya saurara.

Don haka mai son rubuta wa yara littafin tarbiyya ya fara da yaro mai suna, mai abin da yake so, ya bar shi ya yi kuskure ya ga sakamako. Jimloli su zama gajeru, hoto ya ɗauki rabin bayani. Kafin a kai wa mai zane, a karanta wa yaro ɗan shekara 6. Inda ya fara waige-waige, nan ne ke buƙatar gyara.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.