Waɗanda Aka Ɗauke Ba Su Dawo Ba: Ruwanda, 1990 Zuwa 1993

Yawancin mutane sun san labarin kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi a ƙasar Ruwanda a shekarar 1994, sa'ad da aka hallaka mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. Amma wannan masifa ba ta faɗo daga sama cikin dare ɗaya ba. Shekara uku da rabi kafin wannan lokaci, sojoji da jandarmomi sun riga sun soma ɗauke mutane daga gidajensu, suna kulle su inda danginsu ba su sani ba. Wanda yake so ya gane 1994, sai ya fara duba waɗannan shekaru.

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu a tsakiyar Afirka. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, suna auren juna, yawancinsu kuma Krista ne masu sujada a ɗaki ɗaya. Amma tun zamanin mulkin Beljiyam aka rubuta ƙabilar kowa a kan katin shaidarsa. Daga 1959 zuwa gaba, tashe-tashen hankali suka kori dubban Tutsi zuwa ƙasashen maƙwabta. 'Ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne suka kafa ƙungiyar RPF, wadda ta shigo da yaƙi daga Yuganda ran 1 ga Oktoba, 1990. A lokacin nan Janar Juvénal Habyarimana ne shugaban ƙasa, yana kan mulki tun 1973.

A daren 4 ga Oktoba aka kwana ana jin harbi a Kigali, babban birnin ƙasar. Da gari ya waye gwamnati ta ce 'yan tawaye ne suka shigo birni da taimakon waɗanda suke ciki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sojojin gwamnati ne da kansu suka yi harbin, gama 'yan tawaye suna can nesa a arewa. Da wannan hujja aka shiga kame. An kama mutane tsakanin 8,000 da 13,000 a faɗin ƙasar. Yawancinsu Tutsi ne, malamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, har da firistoci, tare da waɗansu Hutu masu sukar gwamnati. Aka laƙaba musu suna ibyitso, watau masu haɗa baki da abokan gāba.

A Kigali an tara da yawa cikinsu a filin ƙwallo na Nyamirambo, suka yi kwanaki ba abinci ba ruwan sha. Daga nan aka rarraba su, waɗansu kurkuku, waɗansu ofisoshin jandarmomi, waɗansu barikokin soja. Ba takardar kame, ba tuhuma, ba alƙali. An doke su, an gana musu azaba, waɗansu suka mutu a tsare. Da ƙasashen waje suka matsa, sai aka saki yawancinsu a farkon 1991, amma da yawa suka tarar an kore su daga aiki, sunan nan kuwa ya manne musu.

Abin da ya faru a ƙauyuka ya fi wannan muni, domin babu idon baƙi a can. A arewa maso yamma akwai Bagogwe, wani reshen Tutsi, talakawa makiyayan shanu. Ran 23 ga Janairu, 1991, RPF ta kai hari garin Ruhengeri ta buɗe kurkuku, ta koma. Sai aka huce a kan Bagogwe. Sojoji da hukumomin gunduma suka bi gida gida suna kwashe maza da samari, suna cewa tambayoyi za a yi musu. Ɗaruruwa ba su dawo ba. An tare hanyoyi don kada labari ya fita. Matan da suka je neman mazajensu, aka ce musu ai sun gudu sun shiga tawaye. Haka kuma a yankin Bugesera a ƙarshen 1991, aka kai waɗansu samarin Tutsi barikin Gako, waɗansunsu ba a ƙara ganinsu ba.

Me ya sa mai mulki yakan zaɓi ɓatar da mutum a maimakon kai shi gaban shari'a? Domin shari'a tana bukatar shaida, gawa kuma tana tona asiri. Amma idan mutum ya ɓace, hukuma sai ta ce ba ta san kome ba. Iyalinsa ba su iya yin makoki, ba su kuwa iya fid da zuciya. Mace ba ta sani ba ko matar aure ce ita ko gwauruwa. Mai karatu zai tuna da Yakubu, wanda aka nuna masa rigar ɗansa ba tare da gawa ba, ya kuwa ƙi ta'aziyya. Maƙwabta su ma sukan koyi darasi: ana iya ɗauke Batutsi da rana tsaka, ba wanda zai tambaya. Masu aikata abin kuma suka ga ba a hukunta kowa ba.

Ikilisiya fa? A nan tarihin yana da ɗaci. Akbishop na Kigali, Vincent Nsengiyumva, ya yi shekaru yana zaune a kwamitin tsakiya na jam'iyya mai mulki, shugabannin ɗarikoki da dama kuma suna kusa da fadar shugaban ƙasa, suka yi shiru. Amma ba kowa ne ya yi shiru ba. Fada André Sibomana, Bahutu, editan jaridar Katolika mai suna Kinyamateka, ya yi ta buga abin da hukuma take ɓoyewa, ya kuma taimaka aka kafa ƙungiyar kāre hakkin ɗan Adam a 1991. Akwai kuma Antonia Locatelli, 'yar Italiya mai aikin mishan a Nyamata. A watan Maris 1992, da aka far wa Tutsi a Bugesera aka kashe wajen 300, ta buga waya ga gidajen rediyon ƙasashen waje ta faɗi cewa shirya kisan aka yi. Ba a jima ba aka harbe ta. Kabarinta yana gefen majami'ar Nyamata, inda aka kashe dubbai a 1994.

Ƙungiyoyin Ruwanda da suka riƙa rubuta sunayen ɓatattu su ne suka gayyato kwamitin bincike na ƙasa da ƙasa a Janairu 1993. Ƙungiyoyi huɗu suka haɗa shi, ɗayarsu tana da cibiya a Wagadugu. Masu binciken suka haƙa ƙasa a gundumar Kinigi, suka tarar da ƙasusuwan waɗanda aka ce sun gudu. Rahotonsu na watan Maris 1993 ya ce an kashe mutum wajen 2,000 tun Oktoba 1990 da hannun hukuma a ciki, ya kuma ambaci laifofin da RPF ta aikata a kan farar hula. A watan Afrilu Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiki Bacre Waly Ndiaye, lauya ɗan Senegal. Rahotonsa na watan Agusta ya nuna cewa ana kashe mutane don kawai su Tutsi ne, ya yi kashedi game da kisan ƙare dangi. Manyan ƙasashe ba su kula ba. Bayan wata takwas, abin da ya faɗa ya auku.

Wannan muguwar dabara ba ta tsaya a Ruwanda ba. A watan Agusta 1998, da yaƙi ya ɓarke a Kwango, jami'an tsaro suka kama Tutsi farar hula a Kinshasa, aka tsare waɗansu a barikin Kokolo, waɗansu kuma suka ɓace. Shi kuwa Fada Sibomana, bayan 1994 ya ci gaba da magana a kan waɗanda sabuwar gwamnati ta cusa a kurkuku, har ya rasu a 1998. A gare shi ba ƙabilar ɗan sarƙa ce abin dubawa ba.

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana ɓatar da mutane, ta fara aiki a 2010. Ta ce kada a tsare kowa a ɓoye, a rubuta sunan duk wanda aka kama, a kuma sanar da danginsa inda yake. Amma takarda ba ta tambaya da kanta. Sai an sami maƙwabci, ko malami, ko dattijon ikilisiya wanda zai rubuta suna da rana da wuri, ya tafi ofishin hukuma ya ce: ina wane? A Ruwanda waɗanda suka yi haka kaɗan ne, amma ta wurinsu aka san gaskiyar waɗannan shekaru.