Daga kakakin fada zuwa gitar ɗaka: tarihin koyon kiɗa a Damagaram

Duk wanda ya taɓa yin sallah a Damagaram ya san cewa kiɗan fada ba ya sallama kafin ya shiga gida. Idan aka buga tambari aka busa kakaki a ƙofar Sarki, mutumin Birni yana ji, na nesa ma yana ji, kuma kowa ya san abin da ake sanar da shi. A cikin wannan gari kuma ana iya samun saurayi zaune a ɗakinsa, gitar bas a cinya, abin sauraro a kunne, yana bin wata waƙa da ke cikin wayarsa, alhali mahaifinsa da ke alwala a tsakar gida bai ji komai ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda koyon kiɗa ya taso daga bainar jama'a ya shige ɗaka, da kayan da suka kawo haka, da kuma abin da aka samu da wanda ake shirin rasawa.

Zamanin da ƙara take alamar mulki

Tun da Sarki Suleman ya kafa kujerar Damagaram a Zinder a farkon ƙarni na 19, fadar ta riƙe makaɗa da mabusa kamar sauran fadojin Barno da ƙasar Hausa. A zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ƙasar ta kai ƙololuwar ƙarfinta: an ƙarfafa ganuwa, an ƙera igwa a cikin gari, ayarin Agadas da na Kano suna haɗuwa a Zango. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. A irin wannan daula, tambari da kakaki kayan sarauta ne kamar alkyabba da sanda. Talaka ba ya mallakarsu, kuma ba a busa kakaki don kowa sai sarki. Aikinsu shi ne su kai labari nesa: sarki ya hau, an ga wata, yaƙi ya taso.

Kayan da aka ƙera don su cika fili ba a koyonsu a ɓoye. Ɗan makaɗi yana tashi ne cikin ƙarar gidansu. Yakan fara da ɗaukar wa ubansa kaya, sai a ba shi kanzagi ya riƙa riƙe zaren kiɗa, sai ya shiga amshi, kafin bayan shekaru a yarda ya taɓa babbar ganga. Kuskurensa a gaban mutane yake yi, gyaransa ma a nan take, wani lokaci da harara, wani lokaci da makaɗi a ka. Maƙwabta ba sa ƙorafi, domin wanda ya gina gida kusa da makaɗa ya san da wa ya zauna.

Sai dai wannan tsari yana da ƙofa a rufe. Kiɗa da roƙo gado ne, kuma duk da buƙatar da fada da biki suke da ita ga makaɗi, al'umma ta ajiye shi a ƙasan tsani. Ɗan malam ko ɗan attajiri da aka gani da ganga ya jawo wa gidansu magana, har ta iya shafar neman aurensa. Kiɗan da aka yarda ya zauna cikin gida shi ne na mata: shantu da ake yi da doguwar ƙwarya, da kiɗan ƙwarya a lokacin biki. A nan ne kaɗai za a ce Bahaushe ya san kiɗa mai tauna murya, wanda ba a nufin ya tsallake zaure.

Faifai, rediyo da samariya

Faransawa sun ci Zinder a 1899, garin kuma ya zama hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Tare da sojoji da akawu da ƴan kasuwa na bakin teku aka samu begila da garmaho da faifai. A karo na farko kunne ya ji waƙa ba tare da mawaƙi yana wurin ba. Gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, daga nan muryoyin makaɗan gargajiya suka fara zaga ƙasa, tare da rumbar Kwango da kiɗan Kuba da waƙoƙin finafinan Indiya. Mawaƙin fadar Damagaram, Ma'azu Ɗan Alalo, mai waƙar Baturen Gona, yana cikin waɗanda na'ura ta kai muryarsu inda ƙafarsu ba ta taka ba.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, kuma a Zinder aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976. Wannan ya buɗe wata ƙofa: ɗan lakwal da malamin makaranta da ma'aikaci suka hau dandamali da sunan unguwa ko jiha, ba da sunan roƙo ba. A wannan zamani ne wasan kwaikwayon Hausa na Zinder, wanda sunan Yazi Dogo ya yi fice a cikinsa, ya mamaye rediyo. Ƙungiyoyin kiɗan zamani ma suka yawaita a manyan garuruwa. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai jim kaɗan bayan haka, sun ƙara wa abin daraja.

Gita ba ta da gidan gado a ƙasar Hausa, don haka ba ta ɗauke da tabon da ganga take ɗauke da shi. Amma ba ta da malami kuma. Kayan kiɗan ma galibi na hukuma ne ko na mai ƙungiya, ana kulle su bayan an tashi. Saurayin da yake son ya ƙware sai ya nemi wanda zai koya masa a tsakanin wasa da wasa, ya rasa.

Kaset ya zama malami

Kamfanin Philips ya fitar da kaset a 1963, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 rikoda mai batir ta shiga kasuwannin Sahel, ta hanyar Kano da Libiya da guzurin alhazai. Ga mai koyo, fa'idarta ɗaya ce babba: ana iya mayar da waƙa baya. Malamin gado yana nuna abu sau ɗaya ko biyu ya gaji; kaset kuwa yana maimaitawa sau ɗari ba ya fushi. Mai koyo yakan saurari gaɓa guda, ya tsayar, ya laluba a kan tsirkiya, ya sake. Don tattalin batir, sai a cire kaset a zura biro a raminsa a juya da hannu. Idan batir ya yi sanyi zaren yakan rage gudu, murya ta yi ƙasa, sai mai koyo ya sassauta tsirkiyoyinsa su dace da abin da yake ji, kashegari kuma ya tarar ya saɓa da kowa.

Ta wannan hanya gitar Abzinawa ta yaɗu daga sansanonin Libiya da Aljeriya zuwa Agadas, hannu zuwa hannu, a lokacin tawayen shekarun 1990. Mdou Moctar, wanda danginsa ba su so ya yi kiɗa ba, ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma waƙoƙinsa sun zaga Sahara a cikin wayoyin hannu kafin wani kamfanin Amurka ya saka ɗaya daga cikinsu a faifai a 2011. Labarinsa ya nuna abu biyu da suka zama ruwan dare a Nijar: koyo daga na'ura, da koyo a ɓoye.

Matsalar bas da maganinta

A cikin kayan kiɗan zamani babu wanda ya fi bas wuyar ɓoyewa. Irin wadda aka sani yau ta samo asali ne daga wadda kamfanin Fender ya fitar a Amurka a 1951: gangar jikinta katako ne tilo, ba rami, tsirkiya huɗu. In ba a jona ta da ampli ba, da ƙyar mai kaɗa ta yake jin kansa, balle idan rikoda tana yi. In kuma an jona, sai gida ya ɗauka. Dalili shi ne tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautin ya haura mita 8. Katanga tana tare siririn sauti, amma mai kauri yakan ratsa ta, ya girgiza rufin kwano da ƙyauren ƙarfe. Maƙwabci ba ya jin waƙar, gurnani kawai yake ji. A gidan da ake kwana a tsakar gida lokacin bazara, masallaci kuma yana bayan katanga, wannan ya isa ya kashe sha'awar yaro.

Masu koyo a ƙasashe da dama sun yi dabaru. Wani yakan jingina kan gitar da ƙyauren katako don itacen ya ƙara mata murya. Wani yakan ɗora haɓarsa a jikinta, sautin ya bi ƙashi ya kai kunne. Wani kuma yakan jona ta da ramin makirufo na rikoda, har lasifikar ta fashe.

Maganin ya zo daki-daki. A 1979 Sony ta fitar da Walkman, ta saba wa duniya da sauraro ta kunne. A 1982 Tom Scholz, injiniya kuma makaɗin gita a Amurka, ya fitar da Rockman, ƙaramin ampli da ake saurara ta kunne, mai ƙofar da ake shigo da sautin kaset. A farkon shekarun 2000 kamfanin Tascam ya ƙera na'urar koyon bas mai faifan CD, wadda take rage gudun waƙa ba tare da murya ta sauka ba, kuma take maimaita gaɓa guda har sai an tsayar da ita. A 2007 Vox ta fara fitar da amPlug, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, ana cusa shi a jikin gita kai tsaye, daga baya aka yi na bas. Tsarinsu duka ɗaya ne: ƙofa ɗaya ta gita, ɗaya ta waƙar da ake bi, maɓallin daidaita ƙarfinsu, sai mafita zuwa kunne. Da yake da batir suke aiki, ɗaukewar wuta ba ta tsayar da darasi, abin da mazauna Zinder suka san darajarsa, musamman bayan da Nijeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar a Agusta 2023, kafin ta maido da ita a 2024. Abin sauraro yana da wata fa'ida kuma: lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka sai ta kunne ne mai koyo yake jin ainihin abin da makaɗin bas ya yi a cikin waƙa.

Riba da hasara

Ribar a fili take. Ƙofar da gado ya rufe ta buɗe ga wanda ba ɗan makaɗi ba, har ma ga yarinyar da ba za a bari ta je gidan rawa ba. Kunya, wadda ta hana mutane da yawa farawa, ta rasa abin kamawa, tunda ba mai jin kuskure. Haƙƙin maƙwabci ma ya tsira.

Hasarar kuwa uku ce. Ta farko, aikin bas shi ne riƙe tsakanin ganga da sauran kaya, irin aikin da kanzagi yake yi wa kalangu. Wanda ya saba bin waƙar da aka riga aka ɗauka ya koyi bi ne, bai koyi ja ba. Ranar da ya tsaya da mai ganga mai rai, wanda yake sauri yake sassautawa, sai ya ruɗe. Ta biyu, mai koyo yana zama abin da yake saurara. Waƙoƙin Kwango da Mali da Amurka suna nan a waya, tsaf, amma na makaɗan Damagaram da yawa suna kan tsofaffin kasakasai da zafi da ƙura suke ci a cikin akwatuna. Yaron da bai sami kiɗan garinsu ya bi ba, hannunsa zai tashi da harshen wani gari. Ta uku ita ce mafi nauyi: babu na'urar da za ta sa kakaki ko algaita ko tambari su yi shiru. Har gobe sai a fili ake koyonsu, a gaban ubangida, kuma ƴaƴan gidajen da suka gada suna da wasu hanyoyin neman abinci.

Labarin Malam Mamman Barka ya isa ishara. Ɗan Tasker ne a jihar Damagaram, malamin makaranta, wanda ya yi suna da gurumi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya zauna ya koya daga hannunsa. Tsohon ya rasu, Barka ya kai biram ƙasashen duniya, shi ma ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da abin da zai rage bai wuce sauti a kan zare ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Malaman makarantu da ƙungiyoyin al'adu na Damagaram suna da aikin da ba ya bukatar dukiya mai yawa. Za su iya tattara kasakasan da ke hannun iyalai da gidajen rediyo, da yardar masu su, a juye su zuwa kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da wuri da shekara, don mai koyo ya sami abin gida da zai bi. Za su iya ajiye gitar bas guda da ƙaramin ampli na kunne a gidan matasa, a riƙa ba da aro kamar littafi. Sa'an nan su ware yamma ɗaya a mako da za a cire abin sauraro, a zaunar da saurayin ɗaka kusa da mai kalangu da mai algaita, ya yi kuskurensa a gaban mutane, a gyara masa kamar yadda aka yi wa na da.