Kwantiragin Dala Ɗaya: Yadda Mata Tara Suka Canza Wasan Tanis

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Goronyo, Wurno da Rabah. Yau tarihin tanis na mata za mu taɓo.

A 1970, wata gasa a Los Angeles ta Amurka ta ware wa zakaran maza dala 12,500, zakarar mata kuwa dala 1,500. Ku duba fa, fili ɗaya, ƙwallo ɗaya!

Sai 'yan wasa tara, ciki har da Billie Jean King, suka ce ba za ta saɓu ba. Duk da barazanar dakatarwa, kowacce ta sa hannu kan kwantiragin dala ɗaya da Gladys Heldman, suka buga tasu gasar a Houston. Rosie Casals ce ta lashe wasan ɗai-ɗai.

A 1973 aka kafa ƙungiyarsu, WTA, gasar US Open kuma ta daidaita kuɗin maza da mata. Wimbledon sai 2007 ta bi sahu.

A wannan Wimbledon ɗin ne Ons Jabeur, 'yar Tunisiya, ta kai wasan ƙarshe a 2022 da 2023. Hanyar da ta bi, matan nan tara ne suka share ta.

Mu haɗu a shiri na gaba.